Darasi na Bakwai: Wuƙar Aljihu, Hanyoyin Buɗe Ta da Ƙarfin Riƙonta

MANUFOFIN DARASI

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin sunayen sassan wuƙa mai naɗewa;
2. bambance hanyoyin da ake buɗe ta;
3. bayyana abin da ake nufi da riƙo, da abin da ke ƙara masa ƙarfi ko ya raunana shi;
4. gwada wuƙa a gaban mai kaya kafin ya biya kuɗi;
5. zaɓar wadda ta dace da sana'arsa.

1. WUƘA A SABO

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a shekarar 1916, goro da shanu ne suka riƙe ta. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, huhunan goro suna hawa arewa, shanu suna gangarowa kudu. Duka sana'o'in biyu ba sa yiwuwa sai da wuƙa. Mai ɗaurin huhu zai yanke igiya ya gyara ganye, mai shanu zai yanke dabaibayi, mahauci kuwa ba sai an faɗa ba. Yau ga mai lemu, ga mai tsire, ga mai ɗinkin takalma, ga mai aikin lantarki, ga ɗan dako a Bodija da Sasa, kowa da 'yar wuƙarsa.

Kakanninmu wuƙar maƙera suka sani, mai kube, wadda ake ratayawa a ƙugu ko a ɗaura a damtse. Kuben ne ke shiga tsakanin mutum da kaifi. Ita kuwa wuƙa mai naɗewa ba ta da kube, mariƙinta ne kubenta. Don haka amincinta ya dogara ne ga abu guda: ta zauna a rufe har sai mai ita ya ga damar buɗe ta. A kan wannan darasinmu zai fi tsayawa.

AKWATI NA 1: SASSAN WUƘA
Ruwa: ƙarfen da ke yanka, mai kaifi a gefe ɗaya da tsini a baki.
Gindin ruwa: ƙarshen ruwan da ke cikin mariƙi, inda yake juyawa.
Mariƙi: inda hannu ke kamawa, kuma inda ruwa ke kwanciya idan an rufe.
Ƙusar juyi: ƙusa ko sukurun da ya haɗa ruwa da mariƙi.
Sifirin: ƙarfe mai lanƙwasuwa wanda ke komawa yadda yake idan an sake shi.

2. HANYOYIN BUƊEWA

Hanya ta farko, tsagar farce. A jikin ruwa akwai 'yar tsaga inda farce ke shiga. Hannu ɗaya ya riƙe mariƙi, ɗaya ya janyo ruwa. Ita ce tsohuwar hanya, kuma wuƙaƙen da suka fi yawo a Afirka da ita suka zo. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, da hannu biyu ake buɗe ta. Haka Douk-Douk ta garin Thiers a Faransa, wadda aka fara yi a 1929 ta bazu a ƙasashen rainon Faransa. Haka Opinel, haka jar wuƙar nan ta Victorinox mai almakashi da mabuɗin kwalba. Aibin wannan hanya biyu ne: tana cin hannu biyu, tana kuma karya farce idan sifirin ya yi tauri.

Hanya ta biyu, babban yatsa. Wasu wuƙaƙen suna da ɗan kan ƙusa a jikin ruwa kusa da gindi, wasu kuma huda ce zagayayya. Kamfanin Spyderco na Amurka ne ya fito da hudar a 1981. Babban yatsa ya dafa, ya tura ruwan, ya raka shi har ya miƙe. Hannu ɗaya ya isa.

Hanya ta uku, kunne. Gindin ruwa yana da ɗan kunne da ke leƙowa ta bayan mariƙi idan wuƙar tana rufe. Manuni ya danna kunnen, ruwan ya fito da gudu. A nan yatsa ba ya raka ruwa, turi ɗaya yake yi ya saki. Ku riƙe wannan bambanci, za mu koma kansa.

Hanya ta huɗu, sifirin mai turi. Iri biyu ne. Akwai wadda kai ne za ka fara buɗewa kaɗan, sifirin ya ƙarasa maka. Kamfanin Kershaw ya yaɗa irinta tun 1998 da ƙirar wani maƙeri mai suna Ken Onion. Akwai kuma wadda maɓalli kawai za a danna ta yi tsalle ta buɗe. Ta biyun ba ta ƙara wa ɗan kasuwa komai sai jawo ido.

3. MENE NE RIƘO?

Akwai abu biyu da mutane ke gwamawa alhali aikinsu daban ne. Makulli shi ke hana wuƙa rufewa a kan yatsunka kana cikin yanka. Riƙo shi ke hana ta buɗewa tana cikin aljihu. Mai saye yakan duba makulli ya manta da riƙo, ga shi kuwa wuƙa ta fi daɗewa a aljihu a kan yadda take daɗewa a hannu.

AKWATI NA 2: MUHIMMAN KALMOMI
Makulli: abin da ke tsayar da ruwa a buɗe.
Riƙo: abin da ke tsayar da ruwa a rufe.
Ƙarfin riƙo: yawan turin da ake bukata kafin ruwa ya fara fitowa.
Sakatar gefe: fallen ƙarfe a cikin mariƙi da ke tokare gindin ruwa idan an buɗe.
Ƙwayar riƙo: 'yar ƙwayar ƙarfe ko ta tangaran da aka dasa a jikin sakatar gefe.
Ramin riƙo: ɗan ramin da ke gindin ruwa, inda ƙwayar ke faɗawa idan an rufe.

Riƙo iri uku ne.

Na farko shi ne matsi kawai. Mariƙi ya matse gindin ruwa, shi ke nan. Askar wanzami mai naɗewa haka take, shi ya sa wurinta zabira ne, ba a jefa ta aljihu haka nan. Opinel ma matsin itacen mariƙinta ne ke riƙe ta, ko da yake a 1955 an ƙara mata zobe mai juyawa wanda ke kulle ruwa a buɗe, daga baya aka gyara zoben ya riƙa kulle shi har a rufe. Mai irin wannan wuƙa a Ibadan ya san halinta: da damina itacen ya sha danshi ya kumbura, sai an yi da gaske ta buɗe, da hunturu ya bushe ya saki, ruwan ya riƙa lilo.

Na biyu shi ne sifirin baya. Doguwar sandar ƙarfe ce a bayan mariƙi tana danna gindin ruwa. Kafin ruwa ya juya sai gindinsa ya ɗaga sandar, ita kuma tana ƙi. Wannan sifirin guda shi ke riƙe wuƙa a rufe, shi ke riƙe ta a buɗe. Douk-Douk da yawancin ƙananan Victorinox haka suke, ba su da makulli. Wasu kuma an haɗa wa sifirin nasu makulli, kamar Okapi mai zobe, wadda sai an ja zoben take rufuwa, da Buck 110 ta Amurka da ta fito kasuwa a 1964, wadda ake danna bayanta. Kyan sifirin baya shi ne ko da ruwa ya ɗan fito, sifirin zai mayar da shi ciki.

Na uku shi ne ƙwaya da rami, kuma shi ne a yawancin wuƙaƙen zamani masu buɗuwa da hannu ɗaya. A wajen 1980 wani maƙeri ɗan Amurka, Michael Walker, ya inganta sakatar gefe ya kawo ta yadda muka san ta yau. Sakatar an ɗan lanƙwasa ta tana matsowa wajen ruwa. A jikinta akwai ƙwayar riƙo, faɗinta kimanin milimita ɗaya da rabi, ba ta wuce ƙwayar gero ba. Idan an rufe wuƙa, ƙwayar ta faɗa ramin da ke gindin ruwa. Kafin ruwan ya motsa sai an tilasta ƙwayar ta hauro daga ramin, wato sai an ture sakatar gefe guda. Ɗan turjiyar da yatsa ke ji kafin wuƙa ta buɗe, wannan ita ce riƙo.

Ku lura da raunin wannan tsari. Da zarar ƙwaya ta fito daga rami, babu sauran abin da zai mayar da ruwa ciki. Daga nan ruwan yana nan sake, ko ya tsaya a rabi, ko ya ƙarasa buɗewa.

4. ABIN DA KE SA RIƘO YA YI ƘARFI

A wuƙa mai ƙwaya, abu uku ne ke haɗuwa: yadda sakata ke danna ƙwayar, zurfin da ƙwayar ke shiga rami, da kaifin bakin ramin. Sakata mai tauri da rami mai zurfi mai tsayayyen baki, riƙo mai ƙarfi ke nan. Idan maƙera sun huda ramin a karkace, ƙwayar ta tsaya a bakinsa ba ta zauna ciki ba, riƙon zai yi rauni komai taurin sakatar. Wannan aibi ya yi yawa a wuƙaƙe masu araha. Garin Yangjiang na ƙasar Sin ya shahara da ƙera wuƙaƙe, kuma daga Sin ɗin nagari na fitowa, na banza ma na fitowa. Saboda haka sunan ƙasa ko tambarin da aka buga a ruwa ba zai gaya maka komai game da riƙo ba. Hannunka ne zai gaya maka.

Sannan akwai abin da ba riƙo ba ne amma yana sauya yadda ake jin sa, wato nisan wurin turi daga ƙusar juyi.

MISALI NA 1
Mu ɗauka wata wuƙa tana buɗewa idan aka tura ruwanta da matsi kwatankwacin nauyin kilo 2, a wurin da ke santimita 2 daga ƙusar juyi.
Mu ninka: 2 × 2 = 4. Wannan 4 ita ce awon riƙon wuƙar.
Idan aka tura a santimita 4 daga ƙusa: 4 ÷ 4 = kilo 1.
Idan aka tura a santimita 1 daga ƙusa: 4 ÷ 1 = kilo 4.
Wuƙa ɗaya ce, riƙo ɗaya ne, amma yatsa ya ji sauƙi a nesa, ya ji tauri a kusa. Shi ya sa ake yin tsagar farce can tsakiyar ruwa ko gaba da haka, domin farce ba shi da ƙarfi. Shi ya sa kuma wuƙa mai ɗan kan ƙusa dab da gindi takan ciji babban yatsa.

Nauyin ruwa ma yana da nasa. Dogon ruwa mai kauri, idan aka girgiza wuƙar ko ta faɗi ƙasa, nauyinsa kaɗai na iya fizge ƙwaya daga rami. Riƙon da ya ishi 'yar ƙaramar wuƙar feraye ba zai ishi babba ba.

5. KOWACE HANYA DA RIƘON DA TAKE SO

Wuƙa mai kunne tana son riƙo mai ƙarfi. Dalili kuwa manuni yana danna kunne, riƙo yana ƙi, matsi yana taruwa, har ƙwaya ta kuɓuce ruwa ya fita da ƙarfin da ya taru. Idan riƙon mai rauni ne, ƙwayar za ta saki tun matsi bai taru ba, ruwan ya tsaya a rabin hanya, mai ita ya koma yana karkaɗa hannu don ya ƙarasa. Karkaɗa buɗaɗɗiyar wuƙa a cikin kasuwa kuwa ba abin yi ba ne.

Mai buɗuwa da babban yatsa tana son matsakaicin riƙo. Tun da yatsa ke raka ruwa, ba a bukatar tara matsi. Idan riƙon ya yi yawa, yatsa zai zame daga ƙusa lokacin da ruwan ya ɓalle, kuma kaifi yana nan kusa. Mai tsagar farce kuwa iyakarta abin da farce zai ɗauka ba tare da ya karye ba.

Idan aka ce mu zaɓa tsakanin wadda ta ɗan yi tauri da wadda ta ɗan yi sako-sako, mai taurin za mu ɗauka ba tare da shakka ba. Sabuwar wuƙa takan sassauta bayan an yi ta aiki da ita, domin ƙwayar na goge wa kanta hanya a gindin ruwa. Sako-sako kuwa ba ya gyaruwa da kansa, sai dai ya ƙaru.

MISALI NA 2
Wani ɗan kasuwa ya sayi wuƙa mai kunne, ya jefa ta aljihun gefe na jamfarsa tare da makullai da canji. Ya shiga Micra a Mokola zai je Bodija, an cika mota, hanya ga gargada. Da zai biya kuɗin mota ya sa hannu aljihu, tsini ya tsaga masa yatsa.
Me ya faru? Aljihun jamfa yana da faɗi, wuƙa tana yawo a ciki. Ɗaya daga cikin makullan da ke aljihun ya dungure kunnen, riƙon bai iya ƙi ba, ƙwaya ta fito daga rami, ba kuma sifirin baya da zai mayar da ruwan. Ga mai sa jamfa ko kaftani, wuƙa mai sifirin baya ta fi aminci. Idan kuma mai ƙwaya ce, a yi mata 'yar jaka wurin baduku, ko a maƙala ta da maƙalinta a bakin aljihu, bayan ruwan yana jingine da ɗinki.

MISALI NA 3
Mai lemu yana buɗe wuƙarsa da safe, ba ya rufe ta sai zai je sallah ko zai tashi. Saurin buɗewa bai dame shi da komai ba. Mai tsagar farce ta ishe shi. Mai aikin lantarki da ke kan tsani, hannu ɗaya na riƙe da waya, shi ne ke da hujjar neman mai buɗuwa da babban yatsa, kuma mai makulli. Mahauci da mai tsire kuwa, mai naɗewa ba tasu ba ce ko kaɗan. Jini da kitse suna maƙalewa a mahaɗa inda wanki ba ya kaiwa, sannan aikin ya fi ƙarfin ƙusar juyi. Haka ranar layya: a nemi wuƙar yanka mai ƙarfe guda, a wasa ta sosai.

6. GWAJI KAFIN SAYE

Mai kaya yakan ɗauko wuƙa ya karkaɗa hannu ta buɗe, ya ce, "Alhaji, dubi sauri, ko taɓa ta ba sai ka yi ba." Abin da yake yabo shi ne babban aibinta. Wuƙar da karkaɗawa ke buɗewa a hannun mai kaya, tsalle daga kan babur zai buɗe ta a aljihunka. Ka karɓa ka yi gwaji huɗu, ka kuma tabbata babu kowa kusa da hannunka.

Gwaji na 1: Ka riƙe ta a rufe ta gefe da gefe, bakin da ruwa ke fitowa yana duban ƙasa, yatsunka ba sa kan hanyarsa. Ka girgiza sau biyu ko uku. Idan ruwan ya leƙo, mayar masa da kayansa.
Gwaji na 2: Ka rufe ta a hankali. Dab da ƙarshe ya kamata ka ji ruwan ya faɗa ciki da kansa, da 'yar ƙara. Idan sai ka danna shi har ƙarshe, ƙwaya ba ta zama a raminta.
Gwaji na 3: Tana rufe, ka duba tsini. Dole ya nutse cikin mariƙi. Tsinin da ya ɗan ɗago zai kama zare, zai kama fata.
Gwaji na 4: Tana buɗe, ka kama bayan ruwa ka motsa shi hagu da dama. Idan yana kaɗawa, ƙusar juyi ta yi sako-sako.

7. KULA DA GYARA

Sau da yawa wuƙar da aka ce ta yi tauri datti ne kawai ya cika ta. Ruwan rake da na lemu suna bushewa su danƙare a mahaɗa, zaren aljihu da ƙurar hunturu su cika ramin riƙo. Rami idan ya cika, ƙwaya ba ta samun wurin zama, sai wuƙa ta zama ga wuyar juyawa ga saurin buɗewa a aljihu. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a sa tsinken sakace a share ramin, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga mai ɗigo ɗaya. Man keken ɗinki ya yi ga wuƙar yankan igiya da waya. Wadda ke taɓa abinci a nemi farin man farafin na kyamis wanda ake sha. Manja da man gyaɗa suna yin danƙo idan sun daɗe.

Kuskure biyu ake yi wurin gyara. Na ɗaya, kwance sukurun ƙusar juyi don wuƙa ta yi sauri. Wannan yana sa ruwa kaɗawa, ya kuma nisanta rami daga ƙwaya. A ɗaure shi har kaɗawa ta daina, a tsaya nan. Na biyu ya fi muni, wato lanƙwasa sakata baya don a rage tauri. Sakatar da ke danna ƙwaya ita ce dai makullin. Wanda ya raunana ta ya raunana abu biyu a lokaci guda, kuma ranar da makulli zai saki, yatsunsa ne a ƙasan kaifi. Goge bakin rami da magagari ma a bar shi, domin ƙarfen da aka cire ba ya dawowa.

8. WUƘA DA HUKUMA

Hanyar buɗewa na iya mayar da kayan aiki makami a idon doka. Amurka ta yi dokar taƙaita wuƙa mai maɓalli a 1958, Birtaniya ta yi tata a 1959. A jihar New York, har zuwa 2019 da aka soke dokar jihar a kan haka, an kama leburori da masu sana'a da dama saboda ɗan sanda ya iya buɗe wuƙarsu ta aiki da karkaɗa hannu. Raunin riƙo ya kai mutane kotu ke nan. Mu nan, wanda aka tsayar a shinge da 'yar wuƙa mai tsagar farce a cikin kayan sana'arsa yana da bayanin da zai yi cikin sauƙi. Mai ɗauke da mai tsalle da maɓalli zai daɗe yana magana. Wuƙar aiki ta tsaya wurin aiki. Kada a kai ta taron biki ko na siyasa, kada kuma a bar ta inda yara za su kai hannu.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo sassa huɗu na wuƙa mai naɗewa, ka faɗi aikin kowanne.
2. Mene ne bambanci tsakanin makulli da riƙo?
3. Me ya sa wuƙa mai mariƙin itace ke tauri da damina a Ibadan?
4. Wane fifiko sifirin baya ke da shi a kan ƙwaya da rami idan ruwa ya ɗan fito?
5. Koma Misali na 1. Matsin kilo nawa ake bukata idan aka tura ruwan a santimita 8 daga ƙusar juyi?
6. Me ya sa wuƙa mai kunne ke bukatar riƙo mai ƙarfi fiye da mai buɗuwa da babban yatsa?
7. Maƙwabcinka ya ce zai lanƙwasa sakatar wuƙarsa don ta yi laushi. Me za ka gaya masa?
8. Wace hanyar buɗewa ta dace da sana'arka? Kawo dalili biyu.

Aikin gida: Kowa ya yi wa wuƙar da ke gidansa ko shagonsa gwaje-gwajen nan huɗu, ya rubuta sakamakon kowanne a jimla guda. Wadda ta faɗi gwaji na farko kada ta sake shiga aljihu. Ranar darasi na gaba takardar kawai za a zo da ita aji, a bar wuƙar a gida.